Haruffa Iri Ɗaya, Ma'ana Daban: Ingilishi a Bakin 'Ya'yanmu na Jambutu

Unguwa biyu ne ke amsa sunan Jambutu a garuruwan da ke bakin kogin Binuwai. Ɗaya ita ce tamu ta nan Garwa, ɗaya kuwa tana Jimeta, can wajen Yola. In da baki aka faɗi sunan, babu mai iya rarrabe su. Amma da an ce a rubuta, sai bambanci ya fito fili: mu nan Djamboutou muke gani a jikin allunan hukuma, haruffa goma cif, su kuwa can Jambutu suke rubutawa, haruffa bakwai. Haka Garoua da Garwa, haka Haoussa da Hausa. Kunne ɗaya ya ji sunan, alƙalami biyu suka rubuta shi.

Dalilin haka sananne ne ga dattawanmu. Kafin zuwan Turawa, Garwa da Yola ƙasa ɗaya ce, Lamidon Garwa kuwa Yola yake bi. Jamusawa suka kama Garwa a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu a 1915, sa'an nan a 1916 suka raba Kamaru tsakaninsu, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, mu kuma muka faɗa a ciki. A ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'a a yankin da Ingila ke riƙe da shi. Arewacinsa, wajen su Mubi, ya zaɓi Nijeriya, kudancinsa kuwa ya haɗe da mu ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, zamanin shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Tun daga ranar ƙasarmu ta zama mai harshen hukuma biyu. Tsarin mulki na 1996 ya ce darajarsu ɗaya, dokar 24 ga Disamba 2019 kuma ta sake ƙarfafa zancen.

To, ga abin da wannan tarihi ya ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyu a Jambutu ko Hausare ko Yalwa. Da Hausa ya tashi a gida. A kasuwa da wajen wasa Fillanci yake yi. Da asuba da maraice yana makarantar allo da Larabci. A lakwal Faransanci ne daga safe har a tashi. Sa'an nan a ce masa ga na biyar, Ingilishi, 'yan sa'o'i a mako, kuma zai same shi yana jiransa a jarrabawar BEPC, da Probatoire, da Baccalauréat. In Allah ya kai shi jami'ar Yawunde, yana iya shiga aji ya tarar malamin da Ingilishi yake ba da darasi, ba kuwa wanda zai tsaya ya fassara masa. Ko da bai yi nisa a boko ba, kwalin magani da buhun kaya da takardar ciniki da ke tsallakowa daga Yola da Mubi duk da Ingilishi suke zuwa. (Mun ce Ingilishi, ba mu ce Turanci ba, domin a nan in ka ce Turanci wani zai ɗauka Faransanci kake nufi.)

Yaro mai harshe huɗu a baki ba daƙiƙi ba ne, ko da makinsa na Ingilishi ya ce haka. Abin da muka lura da shi cikin shekarun da muka yi muna riƙe da alli shi ne, yawancin tuntuɓen da yaranmu ke yi a wuri guda yake: kalmomin da suka yi tarayya a haruffa. Wani lokaci tarayyar nan taimako ce babba, wani lokaci kuwa rami ne da aka rufe da ciyawa.

Dangi na jini

Bari mu fara da abin da muka riga muka sani. Bahaushe bai buƙatar a gaya masa cewa karatu da karanta da makaranta 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ya zauna gaban malamin zaure kuma ya san hukunci da hukuma da hikima da hakimi duk daga haruffa uku na Larabci suka fito, kamar yadda ilimi da malam da alama suka fito daga wasu ukun. Ingilishi ma yana da irin wannan zumunci. Kalmar "sign" tana nufin alama, ko sa hannu a takarda. Ba a furta harafin g da ke cikinta, har yaro ya riƙa tambaya me ya kawo shi. Amsar tana wurin 'yan uwanta: "signal", wato ishara, da "signature", wato sa hannun kansa, inda g ɗin ke fitowa sarai a baki. Harafin da ya yi shiru a wuri ɗaya shaidar dangantaka ce, kamar tsagen gado a fuska.

Babban gadon da ɗan Kamaru ke da shi, wanda ɗan uwansa na Yola ba shi da shi, shi ne Faransanci. A shekarar 1066 wani sarki daga Normandi, a arewacin Faransa, mai suna Wiliyam, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka yi kusan shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila, sai a 1362 aka yi doka a koma yin shari'a da Ingilishi. Talakawa ba su bar harshensu ba, amma dubban kalmomin masu mulki sun shige shi. Mahautanmu da masu gasa tsire za su ji daɗin wannan misali: saniya tana raye a hannun makiyayi sunanta "cow", tunkiya kuma "sheep", sunayen talakawa ke nan. Da an yanka an kai teburin masu sarauta sai naman ya koma "beef" da "mutton", waɗanda ba kome ba ne illa boeuf da mouton da yaranmu suka sani tun ajin farko.

Saboda haka duk kalmar da ta ƙare da haruffa huɗun nan, t, i, o, n, kusan kyauta ce ga ɗan lakwal. "Nation" al'umma, "election" zaɓe, "education" ilimi, "population" yawan jama'a, "condition" sharaɗi ko hali. Rubutu ɗaya, ma'ana ɗaya, sai dai furuci: Bafaranshe ya ce siyon a ƙarshe, Ba'ingilishe ya ce shan. Wanda ya manta, ya tuna da tasha. Daga "station" muka samo ta, kuma kakanninmu da suka ara ta daga bakin Turawan jirgin ƙasa sun ji shan ɗin daidai.

Akwai wata dabara da ba kasafai ake nuna wa yara ba, alhali ba ta cin minti biyar. Ƴar hular nan da Faransanci ke ɗora wa wasali, a kalmomi da yawa kabarin harafin s ne da aka daina furtawa. Ingilishi ya ari kalmomin tun s ɗin na da rai, bai kuwa yar da shi ba. A mayar da s, sai forêt ta zama "forest", daji; côte ta zama "coast", gaɓar teku; bête ta zama "beast", dabba; fête ta zama "feast", biki ko walima; maître ya zama "master", maigida ko gwani; hôpital kuma ta zama "hospital". Ku dubi wannan ta ƙarshe da kyau. Wanda ya ce lopital, ta hannun Faransa ya karɓa. Wanda ya ce asibiti, ta hannun Ingila ya karɓa, ga s ɗin nan zaune daram a bakinsa bai sani ba. Haka kuma é da ke farkon wasu kalmomi: école ita ce "school", état ita ce "state", étude ita ce "study", étranger shi ne "stranger", épice ita ce "spice", kayan yaji. Har g da w sukan yi musaya, shi ya sa guerre ta zama "war", yaƙi, shi kuma sarkin da muka ambata, Guillaume yake a littafin tarihin yaranmu, William a na 'yan Bamenda.

Kama da wane ba wane ba ne

Da a nan zancen ya tsaya, da mun huta. Amma akwai kalmomin da Faransanci da Ingilishi ke rubutawa da haruffa iri ɗaya sak, alhali ko gaisuwa ba ta haɗa su. Idon yaro ya riga ya saba da ta Faransanci, saboda haka ita ce ke fara zuwa masa. Pain burodi ne a Faransanci, amma "pain" ciwo ne a Ingilishi. Yaron da ya ga "pain killer" a jikin kwalin magani ya ce mai kashe burodi ne, ba wauta ya yi ba, da ilimin da aka ba shi ya yi aiki. Sale mai datti ne a nan, amma motar da aka manna wa "for sale" a Jimeta ba wanki take jira ba, mai saye take nema. Coin lungu ne, "coin" kuwa tsabar kuɗi. Main hannu ne, "main" kuwa babba, kamar a "main road", babbar hanya. Four tandar gasa burodi ce, "four" kuwa huɗu. Chat kyanwa, "chat" hira. Or zinariya, "or" kuwa ko. But shi ne abin da 'yan kallo ke ihu a kansa a filin Rumde Ajiya in Coton Sport ta jefa ƙwallo a raga, amma "but" amma ce kawai. Wadda ta fi ba ajinmu dariya kowace shekara ita ce bride: a Faransanci linzamin doki, a Ingilishi amarya. Sai an tsawata kafin samari su yi shiru.

Waɗannan masu sauƙi ne, domin ma'anarsu ta yi nisa da juna har jimlar kanta takan tona asirin kuskuren. Masu cin maki a ɓoye su ne waɗanda asalinsu ɗaya amma kowacce ta kama hanyarta. Librairie kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu ne inda ake aro. Attendre jira ne, "attend" halarta. Location haya ce, "location" wurin da abu yake. Journée yini ne, "journey" tafiya. Demander tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, amma "demand" nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. Wanda ya rubuta wa babban mutum takardar neman aiki ya ce "I demand", ya yi rashin kunya bai sani ba, kuma ba za a kira shi a gaya masa dalilin da ya sa aka ajiye takardarsa ba. Sai kuma wadda ta taɓa sa iyaye murna kafin lokaci: passer un examen zama jarrabawa ne kawai, amma "pass an exam" cin ta ne.

Magasin da "magazine" su ma abin lura ne, don ba na Turawa ba ne tun asali. Daga Larabci suka fito, makhazin, wato rumbuna. Faransa ta mai da ita kanti, Ingila ta mai da ita mujalla irin wannan da ke hannunku, wai rumbun labarai. Auduga ma, wadda ita ce arzikin wannan yanki tun kafin a kafa Sodecoton a 1974, sunanta na Turai daga Larabci ne, ƙutun. Faransanci na rubuta ta da t ɗaya, Ingilishi da biyu, "cotton". Yaron Garwa da ya tashi yana ganin sunan ƙungiyar ƙwallonsu a jikin riga, da wuya hannunsa ya yarda ya ƙara t na biyu sai an matsa masa.

Akwai guda ɗaya da muke roƙon kowane magidanci ya koya wa iyalinsa a daren yau, ko da ya manta da sauran. Pétrole a bakinmu na nan kananzir ne, na fitila da risho. "Petrol" a Ingilishi kuwa fetur ne, wato essence. Kananzir sunansa "kerosene" a can, alhali kérosène a Faransanci man jirgin sama ne. A garin da ake sayar da man zuwa-zuwa a bakin titi, jarka na tsallako iyaka da rubutun wata ƙasa a jikinta, wannan ba zancen maki ba ne. Jarkar da aka rubuta wa "petrol" ba ta kusantar fitila.

Haka nan kwalin magani. "Drug" a Ingilishi ya haɗa maganin asibiti da ƙwayar maye duka, ba kamar drogue ba. "Once" sau ɗaya, "twice" sau biyu. Haruffan e da x a farkon kalma sau da yawa fita ko waje suke nufi: "exit" ƙofar fita, "export" fitar da kaya, "expiry" ranar da ƙarfin magani ke fita, "external use" kuwa na shafawa ne a waje, ba a sha.

Haruffa huɗu masu baki bakwai

Yanzu sai mu zo ga na cikin gidan Ingilishi, inda Faransanci ba ya ceto. Babu tarin haruffan da ya kai o, u, g, h wahalar da mai koyo. Ga "cough", tari, ana cewa kof. Ga "tough", mai tauri, da "rough", mai kaushi, da "enough", abin da ya isa, ana cewa taf, raf, inaf. Ga "though", ko da yake, da "dough", kwaɓaɓɓen garin burodi, waɗanda ke ƙarewa da o. Ga "through", ratsawa ta cikin abu, mai ƙarewa da u. Ga "plough", garmar shanu, da "bough", reshen itace, masu ƙarewa da au, tare da "drought", fari na rashin ruwa, wanda manomanmu suka sani ba sai an fassara ba. Ga "bought", ya saya, da "brought", ya kawo, da "thought", tunani. Can ƙarshe ga "thorough", aikin da aka bi diddiginsa, mai nata furucin ita kaɗai. Haruffa huɗu, furuci bakwai.

Yara sukan ce Turawan Ingila mugunta suka shirya. Ba haka ba ne, tsufa ne ya kama rubutun. Shekara ɗari shida da suka wuce g da h ɗin nan sauti ne na gaske, daga maƙogwaro, kusa da harafin kha na Larabci. Jamusanci, wanda ɗan uwan Ingilishi ne, yana nan da shi har gobe: "night", dare, Nacht ne a can, "light", haske, Licht, "eight", takwas, acht, "daughter", 'ya mace, Tochter, "laugh", dariya, lachen. Wani mutum mai suna Wiliyam Kakston ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a kan takarda, baki kuwa bai tsaya ba. Sautin maƙogwaron ya mutu a wasu kalmomi, a wasu ya rikiɗe ya zama f, wasulan ma suka yi ta sauyawa. Ko da Samuwel Jonson ya fitar da babban ƙamusunsa a 1755, sai ya tabbatar da tsohon rubutu a kan sabon furuci. Amurkawa sun ɗan rage kaya, su "plow" suke rubuta garma, amma ba su taɓa sauran ba.

Labarin k da n a farkon kalma shi ma haka yake. "Knife" wuƙa, "knee" gwiwa, "kneel" durƙusa, "knock" ƙwanƙwasa, "knot" ƙulli, "knit" saƙa, "know" sani, "knowledge" ilimi. Da can ana furta k ɗin, sai wajen ƙarni na 17 ya faɗi daga baki. Bajamushe har yanzu Knie yake ce wa gwiwa da k ɗinta, canif na Faransanci kuma, 'yar wuƙar aljihu, dangin "knife" ce. Ko da yake ya yi shiru, k ɗin na da aiki: shi ke raba "know" da "no", da "knot" da "not", da "knew" da "new". Kunne ba ya ganin bambancin, ido ke gani.

Mu dai a cikin duk waɗannan, w da r muka fi so, domin su suna da ma'ana a ciki. Yawancinsu murɗawa suke nufi. "Wrist" wuyan hannu, inda hannu ke juyawa. "Wring" matse wanki. "Wrestle" kokawa. "Wrinkle" tamoji. "Wrench" fizga da murɗawa, da kuma abin kwance noti. Har "wrong", kuskure, asalinta abin da ya karkace ne, kamar yadda mu ma muke cewa magana ta karkace. "Write", rubutu, ita ce baƙuwa a cikinsu, don asalinta karta ne a jikin itace ko dutse. In aka ba yaro wannan zaren, kalma shida yake ɗaurewa a lokaci guda.

A nan ne muke da ja da ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a bakin kasuwa, masu jera kalmomi ɗari don kawai sun yi tarayya a haruffa, kowacce da fassararta a gefe, a ce yaro ya haddace. Yaranmu gwanayen hadda ne, allo ya horar da su, za su kuwa haddace. Amma jerin da ya zuba "though" da "through" da "thought" da "thorough" a layi ɗaya ba tare da jimla ba, ƙara cakuɗa su yake yi. Mai tumaki ba ya gane nasa ta hanyar tara farare duka a garke guda.

Kafin mu yi wa Ingilishi dariya da yawa, mu tuna namu rubutun bokon ma ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo, fari na launi da fari na rashin damina, kuka ta miya da kuka na hawaye, duk rubutunsu ɗaya, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba, don jimla ke gaya mana. To haka "tear" take, hawaye ko yagawa. "Wind", iska ko naɗewa. "Lead", jagoranci ko darma. "Read", yana karantawa ko ya karanta. Akwai kuma waɗanda haruffansu ɗaya amma an sauya musu wurin zama, su ne ke kama mai gaggawa: "sign" da "sing", waƙa, "form" da "from", "quiet", shiru, da "quite", sosai, "angel", mala'ika, da "angle", kusurwa, "diary", littafin ajiye abubuwan yini, da "dairy", wurin sarrafa madara.

Ingilishin da ke cikin Hausarmu

Wani abin takaici shi ne, har yanzu akwai masu ganin Hausa cikas ce a aji, ragowar tunanin zamanin da ake rataya wa yaro alama a wuya in an ji ya yi harshen gidansu a lakwal. Alhali Bahaushen Garwa yana yawo da ɗaruruwan kalmomin Ingilishi a bakinsa, waɗanda fatake da direbobi da rediyo suka kawo mana daga Kano da Yola. Direba "driver" ne, tela "tailor", kafinta "carpenter", lauya "lawyer", likita "doctor", masinja "messenger". Duk sun ƙare da e da r ko o da r, wanda aikinsa ɗaya da ma ɗin da muke sawa a manomi da maɗinki da marubuci. Sai dai a gargaɗi yaro kada ya zarce: "water" da "paper" da "finger" ba masu sana'a ba ne.

Sa'an nan ga f ɗinmu. Hausa ba ta raba p da f, saboda haka yawancin p ɗin da ya shigo mana f ya koma. Fensir "pencil" ne, famfo "pump", fasinja "passenger", fakiti "packet", fenti "paint", faci "patch", fasfo "passport", fursuna "prisoner", firamare "primary", fetur "petrol", har fanke "pancake" ne. Ga kalma goma sha ɗaya a kyauta, abin da ya rage kawai a mayar musu da p ɗinsu. Yaranmu sun fi 'yan uwansu na ƙetare sa'a a nan, don Faransanci da Fillanci duk sun koya musu p tun suna ƙanana. Duk da haka in gajiya ta zo harshen uwa kan dawo, sai "pull", ja, ta zama "full", cikakke, ko "pool", tafki, ta zama "fool", wawa. Inda kuma aka ga p da h tare, galibi f ne, kamar a "phone" da "pharmacy" da "photo", wadda mu muka mayar hoto.

T da h kuwa sauti biyu ne, kuma babu ko ɗaya a Faransanci ko Hausa, shi ya sa "think", tunani, ke fita kamar "sink", nutsewa, "three" kuma ta fita kamar "tree", itace. Amma yaron da malaminsa na allo ya gyara masa harshe ya riga ya mallake su. Na cikin "think" da "three" harafin tha ne mai ɗigo uku, na cikin "this" da "though" kuwa harafin dhal ne, a ɗan fito da kan harshe tsakanin haƙora. Mun sha gwada wannan a aji. Abin da aka yi wata guda ana fama da shi, da an ambaci sunan harafin Larabcin sai ka ji rabin ajin sun kama.

Iyaye sukan ce mana su ba su yi boko ba, me za su iya? Kuna iya sayen ƙaramin littafin rubutu guda, dabam da na lakwal. Duk kwalin magani ko na shayi ko buhun da ya shigo gida da rubutun Ingilishi, kafin a yar, a sa yaro ya ɗauki kalma biyu, ya rubuta kowacce cikin jimlar da ya same ta, ya sa ma'anarta da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba, sa'an nan ya faɗa muku da baki. In kalmar ta yi kama da wata ta Faransanci, ya je ya tambayi mushensa ko dangi ne ko kama ce kawai. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa kalma da Hausa, shi ne ya san ta.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki e da a in sun haɗu. Kafin nan ga aikin gida, na yara da manya. A nemo ma'anar "bread" da "bead" da "beard" da "bear" da "heard" da "heart", a kuma saurari yadda mai Ingilishi ke furta kowacce, don babu biyu da suka yi daidai in ban da a rubuce. Ta farko kun riga kun ci ta da shayi yau da safe. Direbobin tashar Jambutu kuma, tamu da ta Jimeta, su gaya mana wanne ne birki tsakanin "break" da "brake", wanne ne kuma abin da ke samun mota in babu shi.